Miyar da na zubar a kwata

Talata da dare, Maris 1999, unguwar Sanyuanli

Jiki da sauƙi yau, sai haki idan na hau bene. Maƙoƙon wuyana yana nan yadda yake.

Tun da abokin tafiyata Sani ya koma Kano da kaya ya bar ni ina jinya, tsoho Ma na ɗakin ƙasa ke hawo mini da miya bayan magariba. Wani baƙin ganye ne mai santsi da ƙarnin kifi. Ni dai gansakukar kududdufi nake gani a kwanon. Nakan ce masa shiye-shiye, wato na gode da yaren ƙasar nan, yana sauka in juye a kwata, da safe in mayar da kwano ina shafa ciki.

Ashe kwatar ta ƙofarsa take bi. Jiya ta toshe. Ina tsaye ya sa hannu yana zaro ganyen, bai ko dube ni ba.

Yau a asibiti na kwatanta wa likita miyar. Tafinta, wani Bamaraɗe, ya yi dariya ya ce, "Baba, ganyen teku ne. Sinadarin aidin da wuyanka ya rasa a cikinsa yake, har da abin ƙara jini. Wa ke son ka haka?"

Ma ne ya faɗo mini a rai. Tsohon da ke hawa benen nan yana dafa bango, kamar ni.

Kwanonsa yana wurina, na wanke shi sau biyu. Na bar ƙofa a buɗe har bayan isha'i, na yi niyyar shanye miyar a gabansa. Bai hawo ba.