Furen da Ya Kawo Min

Laraba, tsakiyar damina, bayan isha'i

Yau maigidana ya kawo min fure, yadda ake yi a littattafai. Ruwan hoda ne, mai dogon kara da saiwa kamar dankali. Wai a bakin hanyar Shinkafi ya ciro shi. Ina cikin murna Inna, mahaifiyarsa, ta ce, "Ɗiyata, wanga ba ya tsira tudu, sai taɓon fadama."

Fadama ɗaya na sani, gonarsa ta garin Kurya, wadda ya rantse ya daina zuwa saboda 'yan bindiga. Takalmansa kuma a wanke suke fes, shi da bai taɓa wanke takalmi ba. Na ɗaure makullin babur ɗinsa a bakin zanena. Gobe da safe sai ya gaya min gaskiya kafin in ba shi.