Ƙarfen da na kawo miki, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa da ban girma daga ɗanki Sani, wanda bai iya haɗa ido da kowa ba a Rimawa tun rasuwarki.

Kin san sana'ata, sayen tsohon ƙarfe. Abin da ba ki sani ba shi ne, a wata tsohuwar ma'ajiyar masu aikin hanya na samo wani inji mai nauyi. A jikinshi akwai alama ruwan ɗorawa, kamar fanka mai fukafukai uku. Na gan ta. Ban tambayi kowa ba, na sa guduma na fasa don in cire dalma.

A ciki na tarar da ɗan ƙarfe mai sheƙi, bai kai babban yatsa ba. Na kawo miki tsaraba. Kinka juya shi a tafin hannu, kinka ce, "Wanga mi ne ne, Sani? Ya yi kyau da niƙan kwalli." Kinka sa shi cikin lalitar da kike ɗaurawa a ƙugu.

Sai amai. Sai cinyarki ta tashi kamar an zuba miki tafasasshen ruwa. Sai gashinki ya riƙa biyo mataji.

Ni ma yatsuna sun sale, amma na ce zafin ƙarfe ne. Da mutane sunka fara cewa sammu ne, ni na fara nuna maƙwabciyarki, Gwaggo Asabe, don kun taɓa sa-in-sa a kan iyakar fadamar albasa. Na tsaya ƙofar gidanta na kira ta mayya, jama'a na ji. Daga kan tabarma kinka ce mini, "Ka ji tsoron Allah, Asabe ba ta yi mini komai ba." Ban saurare ki ba.

Ranar da kinka rasu, ita ta yi miki wanka, Inna.

Bayan sadakar arba'in, wani likita a Sakkwato ya dubi hannuna ya tambaye ni abin da na taɓa. Da na faɗa masa, ya turo ma'aikata sunka zo gida da wata na'ura. Tun daga zaure ta fara ƙara, da anka kai ta kusa da akwatinki, inda lalitar take, sai ta ƙi yin shiru. Sunka ce ƙarfen yana fitar da wani tururi da ido bai gani, yana cin jiki a hankali. Sunka ɗauke shi da dogon awartaki, sunka rufe ɗakinki.

Jiya na tafi wurin Gwaggo Asabe, na durƙusa. Sai ta ce, "Tashi, ɗan Hajo. Ka ci abinci?" Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ita ta yafe. Ke ce ban samu na roƙa ba.

Allah Ya sa ciwon da kinka sha ya zama kaffara, Ya yalwata makwancinki, Ya sanya ki Aljanna Firdausi. Ni kuma Ya yafe mini.

Ɗanki mai kunya,
Sani