Ni Nake Zuba Wa Karen Tunkuza

Assalamu alaikum. A sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, da hannuna nake wannan rubutu.

Muna wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Maigidana na da kare, Duna, wanda haushinsa ke tashinmu in baburan ɓarayi sun doso gari. Bara ya kama susa, gashi na zuba, kunnuwa na wari. Maigida ya ɗora shi a babur har Safana neman magani, ni da na yi zazzaɓin damina da ƙafa na je asibiti. Da malamin dabbobi ya zo yi wa awaki allura, maigida na gona, sai malamin ya tambaye ni abin da karen ke ci. Na ce tunkuza, tunda ƙuli-ƙuli nake yi. Ya ce, "Hajiya, wani karen jininsa bai karɓar gyaɗa. Daina ba shi ki gani." Na daina. Fata ta kwanta, gashi ya fito.

Na faɗa wa maigida a gaban ƙannensa. Ya sheƙe da dariya, wai baƙin man inji da ya shafa masa ne ya yi aiki. "Ke daga koyon baƙi da wasali har kin zama likita? Koma kan turminki." Suka taya shi. Wallahi ranar na zuba tunkuza a kaskon Duna, kuma ban fasa ba har jiya. Ina so in ga ƙarshen baƙin man nasa. Laifin me karen ya yi mini? Babu. Da kunya nake faɗa, yana ganina da kasko sai ya kaɗa bindi.

Yanzu jikinsa duk gyambo, haushin ma ya daina. Maigida ya ce cutar ba ta jin magani, ranar Juma'a zai ba mafarauta su kai shi daji su harbe. In na daina a ɓoye, ba zai warke kafin Juma'a ba. In na faɗi gaskiya, na san bakin mutumin nan, har gidanmu zai kai maganar. In na yi shiru, wa zai tashe ni da 'ya'yana? Jama'a, ni me zan yi?