Sadik Bai Raina Malaminsa Ba

Zuwa ga shugaban makarantar da ɗana yake karatu a Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ce Hadiza, mahaifiyar Sadik ɗan aji biyu, wanda kuka koro gida da sunan rashin tarbiyya. Na yi ta zarya ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, tun ranar da na kawo shi na shaida muku abin da likita ya ce: yana da lalurar otizim. Yana ji, yana fahimta, amma da maganar wasu yake faɗin tasa buƙatar. Idan ƙishirwa ta kama shi, sai ya ce, "Sadik, za ka sha ruwa?" kamar yadda nake tambayarsa. Idan ya tsorata, sai ya ce, "A hankali, direba," abin da ya ji kakarsa ta faɗa ranar da motarmu ta kusa kifewa a hanyar Gwandu. Duk na bayyana wa malamin ajinsu wannan.

Na biyu, abin da ya faru. Malamin ya yi masa tambaya bai amsa ba, ya daka masa tsawa: "Kai kurma ne?" Sadik ya maimaita, "Kai kurma ne?" Aji ya fashe da dariya, malam ya ɗauko bulala. Yaran unguwarmu da ke ajin sun ce yana dukansa, yaron yana ihu, "A hankali, direba!" Malam ya ƙara masa, wai ya mayar da shi abin wasa. Ranka ya daɗe, roƙonsa yake yi. Iyakar abin da yake da shi na neman sauƙi ke nan.

Tun ranar bai sake cewa uffan ba. Ruwa ma sai dai ya tsaya jikin randa yana kallona.

Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Da baffansa ya je ɗauko shi, ka ce masa kana ganin aikin aljanu ne. Yanzu dangin ubansa a Masama sun yanke shawarar kai shi wurin wani mai magani da ke ɗaure marasa lafiya da mari. Na yi kuka, na nuna bayanin likita, sun ce mai ilimi ya riga ya faɗa. Ubansa ya kasa musa wa yayyensa.

Ina roƙon a mayar da shi aji, a kuma zauna da ni in koya wa malamai yadda ake gane maganarsa. Amma kafin komai, ka kira baffansa ka janye abin da ka faɗa. Ranar Juma'a zai zo da mota, kuma bakinka kaɗai zai saurara.

Allah ya yi maka jagora, ya raya taka zuri'ar, ya haɗa su da masu tausaya musu.

Wassalam.
Hadiza, uwar Sadik