Jikarmu da Faifan 'Yan Babur

Taos, Yuli 1970

Matata Opal,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar taki? Ya kaji? Da hannuna na rubuta wannan, karatun yamma ya yi rana.

'Yarmu Darlene ta sauka lafiya, mace! Ni ƙalau nake. A tsohuwar bas nake kwana, kullum wake, amma bayana ya fara sabawa.

Jaririyar ba ta barci sai an sa faifan waƙoƙin fim ɗin 'yan babur, mai ƙarar jita, wanda kika hana a gidanmu. Surukinmu Wade ya ce, "Tsoho, na kama ka kana kaɗa kai!"

Na san kin rantse ba za ki taka gidan Wade mai dogon gashin nan ba. Jiya ya share miki ɗakinsu. Ki zo, Opal. Murnar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
Virgil