Daga Sofiya zuwa Madrid, da Zare

Litinin, 6 ga Mayu
'Yata Ralitsa ta haihu a Madrid! Mace. Lyubena za a sa mata, wato sunana, Lyuben, aka ɗaura wa zane. Baftisma ranar Lahadi, 19 ga wata. Na shiga aji na koyar da kogunan Asiya ina ta washe baki.

Talata, 7 ga Mayu
Na shimfiɗa taswira, na auna da zare. Daga filin jirginmu zuwa nasu, kusan kilomita dubu biyu da ɗari biyu da hamsin. Awa uku da minti arba'in da biyar. Shekara ashirin da shida ina koyar da labarin ƙasa, ban taɓa ganin ƙasar daga sama ba, ban kuma ji na yi asara ba. A bas kwana biyu ne, mutum ya karanta littafinsa cikin mutunci.

Alhamis, 9 ga Mayu
Jarrabawa sai Juma'a 17 za ta ƙare. Zancen bas ya mutu.

Ralitsa a waya: "Baba, bikina a bas ka zo, ka tarar ana kwashe kujeru. In ka ƙara, sunan uwar mijina zan sa mata. Inmaculada!"

Matata Tsvetana ta ɗora nata daga kicin: "Rabu da shi. Ya san tsayin kowane dutse a duniya, amma ko ƙwan fitila ni ke hawa in canja."

Ba tsoro ba ne. Nazari ne.

Litinin, 13 ga Mayu
Tikiti ya zo. Na gargaɗi Tsvetana: ban da tafin nan da mutanenmu ke yi in jirgi ya sauka. Wa ya taɓa yi wa direban tasi tafi?

Laraba, 15 ga Mayu
Na sayi 'yar hula ja. Dunƙulen hannuna ma bai shiga ba. Sau huɗu na buɗe akwati na duba ta.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe
Surukata Nevena ta kwarara mana ruwa a bakin ƙofa, don tafiya ta gudana kamarsa. Kullum nakan yi mata bayanin camfi. Yau na ce, "Mama, ɗan wannan? Ƙaro." Kofi uku. Takalmina sharkaf.

Lahadi, 19 ga Mayu, Madrid
Awa uku da minti hamsin da biyu. Sun ci mini minti bakwai, na yafe.

Har muka ƙetare Italiya idona a rufe. Da Tsvetana ta zungure ni na leƙa, sai ga Sardiniya kwance cikin teku, daidai yadda nake zana ta a allo. Ashe ba ƙarya nake yi wa yaran mutane ba.

An yi baftisma. Lyubena. Ta tsala wa limamin coci ihu, ta riƙe mini yatsa ta ƙi saki. Hular ta yi mata yawa.

Maganar tafi kuwa, Tsvetana na ta yaɗawa wai ni na fara. Hannuwana ne suka yi sanyi.

Ranar komawa na ce a ba ni gefen taga. Zan duba aikin zarena ne kawai.