Daftarin Farfesa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar tasa, kumburin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi.

Farfesanki ya iso lafiya. Sunan da na laƙaba wa ɗan naki ke nan, don da biro uku a aljihun gaba ya shigo shagona. A tsaye ya gaishe ni, ya dubi kwamfutata da injin fotokwafi, ya tambaye ni wai har yanzu buga takardu nake yi. Shi nake yi, shekara goma sha ɗaya a bakin ƙofar kwalejin nan, kuma na san sababbin ɗalibai kamar yunwar cikina. Da kai a sama suke zuwa, amma a ce su haɗa sakin layi ɗaya sai ki ga gumi. Kafin wata biyu sun fara raɓe-raɓe a bayan shagona suna neman taimako.

Akwai darasin da aka wajabta musu, na koyon rubutu da dabarun karatu. Wata malama mai gilashi ke koya musu yadda ake ɗaukar bayani a aji, da tsara lokacin bita, da faɗin inda aka ciro magana. Ɗanki ya ce wai karatun 'yan firamare ne. Na buɗe littafinsa, ba komai sai kwanan wata da aka ja wa layi da jan biro. Sauran bayanan aji duk suna cikin waya, hoton allo ya fi ɗari, rabinsu ƙeyar na gabansa ce.

Kin ce in sa masa ido. Ina sawa, abin kallon ne dai babu.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Malamar nan tana da doka: ba ta karɓar rubutun da aka buga sai an haɗo da daftarinsa na hannu, mai soke-soke da gyare-gyare, don ta ga yadda tunanin mutum ya taso. Ɗanki bai rubuta komai ba. Wajen wani ɗan aji uku ya karɓo gamammen aiki, ya zauna ya kwafe da hannu, sannan ya bi yana ƙirƙirar gyara. Kin san yadda ya yi? Sai ya soke kalma, ya sake rubuta ita ɗin dai a samanta. Wuri ashirin da bakwai, Yaya! Har ya ɗiga wa takardar shayi, wai ta yi kama da wadda ta sha wahala. Malamar ko shafi ɗaya ba ta gama ba ta gane.

Ni ba satar ce ta fi ba ni haushi ba, rashin iyawar ne. Wanda ya taɓa rubutu ko sau ɗaya ya san ba a soke kalma sai an sami wadda ta fi ta. Mai biro uku bai san wannan ba. Shi rubutun kansa ba shi da laifi, wanda ya yi shi ya san aikinsa.

Ran Alhamis zai tsaya gaban kwamitin ladabtarwa, kuma ana maganar kora. Kada ki gaya wa babansa tukuna, ya ji da ƙafarsa.

Taki,
Ƙanwarki.

*

Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ki da sanyin zuciya, don za ki buƙace shi.

Kwamiti ya zauna. Sun ce masa in ya faɗi wanda ya yi rubutun, darasin kawai zai maimaita. In ya ƙi, ya tattara kayansa ran Litinin. Ya ƙi. Da ya shigo shago na sauke masa kwandon masifa, na ce sakarci ne mutum ya zubar da karatunsa saboda wani ɗan aji uku da ko sunansa ba zai tuna ba baɗi. Ya miƙa hannu ƙarƙashin teburina ya jawo kwalin da nake ɗora ƙafa a kai.

Yaya, ni na yi rubutun. Ba buga takardu kawai nake yi ba. Shekara takwas ke nan ina rubuta wa yaran nan aikinsu, 'yan manyan aji suna rarrabawa, ni ban ma san hannun da yake faɗawa ba. Ranar da ya kawo aikin in buga masa na gane jimlolina tun layin farko. Na buga, na haɗa masa da abin maƙala takarda, na yi shiru, don in yi magana asirina ne zai tonu. Shi kuma ashe tun makonsa na biyu ya ga littattafan da nake daftarin ayyukan a ciki, waɗanda ke cikin kwalin, ranar da na bar masa shago na je sallah.

Na raina yaran nan iya raini. Ni da na tsaya a sakandare, ina ganin jimlolina suna cin maki da sunan wasu, sai in riƙa dariyarsu ina jin daɗi. Ko sau ɗaya ban taɓa zaunar da wani na nuna masa yadda ake fara sakin layi ba, har ɗan da kika damƙa mini. Ina jin kunyarki fiye da yadda zan iya rubutawa.

Har yanzu ina nan kan bakana, wawa ne. Amma wawan ya zaɓi a kore shi da a rufe min shago.

Daftarin gaskiya yana cikin kwalin, da rubutun hannuna, shafi shida, kowane soke da dalilinsa. Gobe da safe zan kai wa malamar da kaina. Shekara goma sha ɗaya ina kallon ƙofar nan ban taɓa shiga ba, sai da na tambayi ɗanki inda ofishinta yake. Ya zana min hanya a bayan takarda, da jan biro.

Ki yafe min.
Ƙanwarki.